RA'AYI: Ranar da ka biya kuɗin jif a Legas, kada ka kama hanyar Abuja

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakaninmu ma'aikatan tarayya da hadiman manya a Abuja, wadda na daɗe ina son in taɓo. Mutum zai shekara uku ko huɗu yana tara kuɗi, ya haɗa da bashin ƙungiyar taimakon kai da kai ta ma'aikatarsu, wani har ya sayar da filinsa na gida, duk domin ya mallaki jif. Amma ranar da kuɗin suka cika, sai haƙurin nan na shekaru ya ƙare ƙaf. Zai hau jirgin safe zuwa Legas ranar Asabar, ya zaɓi mota kafin azahar, ya biya kafin la'asar, ya cika tanki, ya doshi Ibadan rana tana shirin faɗuwa, wai don Litinin ta same shi a ofis. Mutumin da fayil na naira miliyan biyu yake kwana bakwai a teburinsa yana bin sa layi-layi, shi ne zai ɗora ransa a kan ƙarfen da bai fi awa uku da saninsa ba, ya nufi tafiyar kusan kilomita 750.

Ba daga kan mumbari nake wannan magana ba, domin da ni aka taɓa yin wautar. A farkon 2022 wani abokin aikina ya roƙe ni in raka shi ɗauko jif ɗinsa, ƙirar Japan da aka shigo da ita daga Amurka. Mun same ta a wani filin sayar da motoci da ke kusa da Apapa, an wanke ta tana walƙiya, tayoyinta an shafe su da mai sun yi baƙi wulik, zanensu kuma a tsaye kamar sababbi. Dillalin ya tayar da injin, ya kunna na'urar sanyi, ya ce, "Alhaji, wannan ko Maiduguri za ka je yau, bismilla." Muka zagaya unguwa sau ɗaya, abokina ya tura kuɗi. Ƙarfe huɗu na yamma muka bar Legas.

Duhu ya rufe mu kafin mu kai Ife. Mun wuce Akure, mun wuce Owo, wajen ƙarfe sha ɗaya na dare, a wani wuri mai daji hagu da dama kafin Ibillo, tayar baya ta fashe. Wanda bai taɓa jin yadda doguwar mota take rawa idan taya ta fashe ana cikin gudu ba, Allah ya sa kada ya ji. Allah ya taimake mu abokina bai danna birki ba, motar ta yi tangal-tangal ta tsaya a gefen kwalta. Muka sauka muka kwanto safaya daga ƙarƙashi, babu iska a cikinta. Muka nemi jak, babu hannunsa. Wasu direbobin tirela 'yan'uwanmu da suka taho daga baya ne suka tausaya mana, suka ɗaga motar da nasu jak, suka ba tayar iska, muka lallaɓa zuwa wani gidan mai da ya riga ya rufe, a nan muka kwana a zaune. Da gari ya waye ɗaya daga cikinsu, dattijo mai furfura, ya tsuguna ya nuna mana wasu lambobi huɗu a jikin tayar da ta fashe: 2314. Ya ce, "Yallaɓai, wannan tayar an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2014. Ta kusa shekara takwas. Zane ba ya tsufa, roba ce take tsufa." Mu biyu masu digiri, ba wanda ya san da wannan lamba sai ranar.

Tun daga nan ra'ayina ya tsaya a wuri ɗaya: ranar biya daban, ranar kama hanya daban, kuma a tsakaninsu sai an samu aƙalla kwana ɗaya cikakke da motar za ta yi a hannun bakaniken da kai ka zo da shi. Kuɗin wannan kwanan, da na masauki, da na jirgin bakanike, cikin farashin motar suke. Wanda kasafinsa bai ɗauke su ba, kuɗin jif ɗinsa bai cika ba tukuna.

Dalili na farko shi ne tarihin motar kanta. Abin da muke kira tokumbo ko 'yar Beljiyam, yawancin manyan cikinsu daga Amurka da Kanada suke zuwa, kuma da yawa ta hanyar gwanjon kamfanonin inshora, wato motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye su, inshora ta biya mai su ta sallama su ga masu saye. Guguwar Harvey da ta afka wa birnin Houston a 2017 kaɗai ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, kuma irin waɗannan ba a can suke ƙarewa ba, ana loda wasu a jirgin ruwa zuwa ƙasashe irin namu. Motar da ta sha ruwa tana iya tashi lafiya lau, ta yi wata biyu ba ta ce uffan ba, sannan wayoyinta su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya. Ko wadda ba ta taɓa haɗari ba, ta yi watanni a tsaye: a filin gwanjo, a cikin jirgi, a tashar Tin Can, a filin dillali. Batir ya mutu an tashe shi, roba ta bushe, man birki ya tsotsi laima, baƙin mai ya daɗe. Zagayen unguwa na minti goma ba ya tona ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hawan tudun Okene da rana tsaka yana tonawa, amma a lokacin kuɗinka sun riga sun kwana a asusun wani.

Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Ga wadda ta fito daga Amurka, da wannan lamba ana iya sayen rahoton tarihinta a intanet, a kamfanoni irin Carfax, a ga ko ta yi haɗari, ko an rubuta ta a matsayin wadda ta lalace, a kuma ga nisan tafiyar da aka rubuta mata a baya, a gwada da abin da agogonta yake nunawa yanzu. Sau da yawa ma in ka rubuta lambar a Google sai hotunan motar a filin gwanjo su bayyana, goshinta a murƙushe. Dillalin da ya ƙi turo maka wannan lamba tun kana Abuja ya riga ya ba ka amsa, ba sai ka sayi tikiti ba.

Dalili na biyu, wanda ya fi shafar mai albashin gwamnati, shi ne takarda. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, amma 'yar Kwatano ba ta daina shigowa ba, hanya kawai ta canza. Akwai mota mai takardun bogi, akwai mai takardun gaske amma na wata motar, akwai kuma wadda aka biya mata haraji ƙasa da ƙima ta hanyar rage mata shekara ko daraja. Dukansu Hukumar Kwastam tana da hurumin kama su a kan hanya, kuma dokar ba ta tambayar ko kai ne ka shigo da ita. Girman matsalar ne ya sa a watan Maris na 2024 hukumar ta buɗe wa'adin kwana 90 domin masu irin waɗannan motoci su je su gyara harajinsu. Ka tsaya ka yi tunanin kanka, ma'aikaci mai mataki na 13 ko hadimin wani minista, a tsaye a shingen bincike kana rantsuwa cewa ba ka sani ba. Ko an sake ka, sunanka ya shiga inda bai kamata ba. Tantance takardar shigo da kaya a ofishin Kwastam aiki ne na ranar aiki, ba na Asabar da yamma ba. Wannan kaɗai ya isa ya rushe tsarin "in je Asabar in dawo Lahadi". Haka inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023, da rasiɗin ciniki mai ɗauke da lambar shasi da ta injin, da shaidar sauya mallaka, da lambar da za ka liƙa wa motar a hanya. Ba wanda ake kammalawa a tsaye a bakin titi.

Bayan shekara guda da wancan dare, da nawa lokacin ya zo, sai na nemi hutun kwana huɗu a rubuce, na ɗauki bakanikena daga Apo muka tafi tare. Mota ta farko da na ƙyalla ido a kanta, bai ma tayar da ita ba. Ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe ya nuna mini wani layi na laka da ya bushe a jikinsa, ya ɗaga kafet ya sa ni in shinshina. Ta biyu ya kwanta a ƙarƙashinta da tocila, ya ƙwanƙwasa ƙarfen shasi da sufana, tsatsa ta zubo kamar garin kunu. Ya ce motar ƙasar ƙanƙara ce, gishirin da suke zuba wa tituna da hunturu ne ya cinye ta, an fesa mata baƙin fenti a kai. Ni kuwa har na fara jin kunyar dillalin, shi ko a jikinsa. Ta uku muka ɗauka, kuma ba ita ce ta fi kyau a ido ba.

Washegari gaba ɗaya a gareji muka yi shi. An juye baƙin mai da matatarsa, an duba man giya, an canza man birki da takalman birki na gaba, an wanke lagireto, an canza fanbel da wata robar ruwa da ta kumbura, wadda muka samo a kasuwar Ladipo. Tayoyi huɗu na saya sababbi, ina ji a raina kamar ana cire mini haƙori, domin waɗanda ke jiki tayoyin ƙanƙara ne, robarsu mai laushi, ba a yi su don kwaltar da ke tafasa ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana cewa taya ta gama aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta, kuma ga mota mai jan ƙafa huɗu akwai ƙarin sharaɗi: tayoyin su zama girma ɗaya, cinyewa ɗaya, in ba haka ba giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ce take shan wahala a ɓoye.

Wannan giyar ita ce dalilin da ya sa jif ta fi ƙaramar mota tsada, kuma abin mamaki ita ce mai saye ba ya taɓa gwadawa. Na san mutane da suka shekara biyu da jif, sai ranar da suka kafe a laka a hanyar ƙauye da damina suka murɗa maɓallin, suka tarar ba ya aiki, wataƙila tun a Amurka. A nemi fili mai ƙasa ko yashi a sa ta, babba da ƙarama, a ji ta kama, a ji ta saki. A kuma san irin wadda aka saya. Wasu, irin su Prado da Land Cruiser, kullum ƙafa huɗu suke ja. Wasu, irin yawancin Hilux, ƙafa biyu suke ja sai an sa musu ta huɗu, kuma waɗannan ba a sa musu ita a kan busasshiyar kwalta, domin tana ɗaurewa ta karya abin da kuɗin gyaransa zai kai albashin watanni.

Sai ita hanyar. Mun bar Legas bayan sallar asuba, kuma wannan shi ne rabin dabarar. Kilomita 127 na farko zuwa Ibadan su ne gwajin ƙarshe: tafiya a hankali, ido a kan allurar zafi, kunne a kan kowane sabon sauti. A Ibadan muka tsaya, bakanike ya taɓa kowace ƙafa ya ji ko ta yi zafi, ya leƙa ƙasa ko wani abu yana ɗiga, ya sake ɗaure notocin taya. In da matsala, gara ta fito a nan, inda akwai gareji da kayan gyara, kuma dillali bai yi nisa ba. Wani abu da ya kamata kowa ya sani: agogon gudu na motar Amurka da mil yake ƙirga a manyan lambobinsa. Wanda ya saba da kilomita zai ga allura a kan 80 ya ɗauka yana tafiyar dattaku, alhali yana gudun kusan kilomita 130 a awa, a motar da tsayinta ya sa ta fi ƙaramar mota saurin kifewa idan aka kauce wa rami da gaggawa. Iyakar da doka ta ba motar gida a babban titi kilomita 100 ce, wato mil 60 da ɗan kai. Haka agogon nisa: mil 100,000 kilomita 160,000 ne, kuma ba kowane dillali ne yake son ka yi wannan lissafin ba.

Daga Ibadan sai Ife, Akure, Owo, Ibillo, Okene, Lokoja. Yankin da ke tsakanin Owo da Okene zuwa Lokoja ya yi ƙaurin suna wajen fashi da satar mutane shekara da shekaru, kuma sabuwar jif mai walƙiya, marar lambar dindindin, da dare, tamkar shela ce. Wanda ya fito da asuba zai ratsa shi rana tana tsaka. In yamma ta riske ka a Lokoja, ka kwana. Ragowar kusan kilomita 200 zuwa Abuja, ta gadar Murtala a kan kogin Neja, da Koton Karfe, da Abaji, da Gwagwalada, suna yaudarar gajiyayyen direba da cewa an kusa, alhali hanya ce ta manyan motoci da karkatar da hannu. Wanda zai tafi a ƙarshen damina kuma ya tambayi labarin ruwa kafin ya fito, domin a 2012 da kuma Oktoban 2022 ambaliya ta datse wannan hanya, motoci suka yi kwanaki a layi.

Na san abin da wasu za su ce: mene ne na duk wannan wahala, ba ga direbobin da sana'arsu ke nan ba, a ba su mukulli su kawo ta har gida? A cikinsu akwai mutanen kirki, ban musa ba. Amma wanda ake biya kan kowace mota da ya kai, ribarsa tana cikin sauri, kuma injin da aka kwana ana tatsa ba nasa ba ne. Wasu suna ɗaukar fasinja da kaya a hanya. In mota ta yi zafi a Kabba ko Okene aka zuba mata ruwan kwata aka ci gaba, ba za ka ji labari ba sai bayan wata uku, ranar da injin ya buga a kan titin Kubwa. Zuwa da kai ya fi aike. Wanda ba zai iya doguwar tuƙi ba, ko ba shi da lokaci, to ya biya a ɗora ta a kan tirelar dakon motoci, bayan an gama binciken da na faɗa. Ko kuma ya saya a nan Abuja, ya biya ƙarin da dillalan nan suke ɗorawa, ya san cewa abin da ya saya da ƙarin shi ne damar komawa ya ƙwanƙwasa musu ƙofa. Wannan ma lissafi ne mai kyau, kuma ga mutane da yawa shi ya fi.

Ga hadimai kuwa, maganar ta fi nauyi, domin motar ba tasu ba ce amma wuyan nasu ne. Maigida zai ce, "Ka je Legas ka taho mini da ita, ina son in shiga da ita taro jibi." Mafi yawanmu ba ma iya cewa a'a, mun fi iya cewa "an gama, ranka ya daɗe". To amma in ta kife, kai ne a ciki. In aka kama ta kan takarda, sunanka ne a rahoto, kuma maigidan da ya matsa maka shi ne zai fara tambayar me ya sa ba ka duba ba. Hadimin da ya san aikinsa yana iya cewa, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa Laraba, in tantance takardunta in sa a duba ta, kada ta ba mu kunya." Ban taɓa jin an kori wani kan wannan jimla ba.

Akwai tambayar da ya kamata ta zo kafin duk waɗannan, ko da yake na san ba a son ta: shin jif ɗin kake bukata? Lokacin da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita tana ƙasa da naira 200. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a Abuja. Jif mai silinda shida tana iya shan lita 14 ko 15 a kowace kilomita 100, wato daga Legas zuwa Abuja kaɗai kimanin lita 110. In aka sayar da lita naira 900, kuɗin ya doshi naira 100,000, ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Kayan gyaranta kuma da dala ake shigo da su, dalar da ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 cikin ƙasa da shekara guda. Wanda mahaifarsa take bayan rafi, ko aikinsa yake kai shi duba ayyuka a karkara, ko yake hawa tsaunin Mambila, ya san abin da yake saye. Wanda iyakarsa Gwarimpa zuwa Sakatariya, girma yake saye, kuma girma yana shan mai kowace safiya.

Ban ga laifin ƙaramin ma'aikaci sosai ba, domin daga sama ya koya. A 2023, ana tsakiyar raɗaɗin cire tallafi, 'yan Majalisar Tarayya suka sayi manyan jif da rahotanni suka ce kowace ta kai kusan naira miliyan 160, kuma hujjar da aka bayar a fili ita ce hanyoyin mazaɓunsu ba su da kyau. Aikin mayar da hanyar Abuja zuwa Lokoja tagwaye an bayar da shi tun 2006. Fayilolinsa ta ofisoshinmu suka bi, wasunmu sun sa musu hannu, wasu sun kai su daga wannan tebur zuwa wancan. Wanda ya tuƙo motarsa da kansa daga Legas zai ƙirga ramukan da bayansa, kuma ina ganin ba ƙaramin amfani ba ne a ce mai riƙe da fayil ɗin hanya ya taɓa kwana a gefenta.

Mu dai mun kwana a Lokoja, muka ci kifi a bakin kogi, muka tashi da safe. Muna haye gadar Murtala bakanikena ya ce in kashe rediyo, ya saurara na ɗan lokaci, ya ce akwai wani ƙaramin kuka a ƙafar baya ta dama, boris ne, zai kai mu gida amma kada ya wuce mako. Ƙarfe sha ɗaya da rabi muka shigo ta Gwagwalada. Ban wuce gida da ita ba, Apo muka nufa, na bar masa mukulli na hau tasi.